Ɗora faifan SSD a kan Linux

Lacca ce da aka gabatar wa ɗalibai Hausawa a Madina, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu muna rubuta bincikenmu ne a kan kwamfutocin da suka kwana biyu, waɗanda idan an kunna su sai an yi ta jira kafin su buɗe. Ga shi kuma tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da dama. Shawarata ita ce kada kowa ya yi gaggawar zuba guzurinsa a sabuwar kwamfuta. Faifan SSD guda ɗaya, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, tare da Linux, manhajar nan ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, da Linus Torvalds ya fara a 1991 wadda kowa ke da damar dubawa da gyara ta, sun isa su tayar da mafi yawan waɗannan na'urori.

Tsohon faifai yana da faranti a ciki wanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma sai wani ɗan hannu ya bi ya lalubo wurin da bayanin yake. SSD ba shi da abin da ke motsi, shi ya sa yake amsawa nan take. Kafin mutum ya je shago, ya fara sanin irin gurbin da kwamfutarsa ke da shi. Akwai faifai mai inci 2.5 da ke shiga mahaɗar SATA, wato hanyar da aka saba haɗa faifai da kwamfuta, gudunsa yakan tsaya wajen megabait 550 a daƙiƙa. Akwai kuma siriri da ake kira M.2, wanda galibi za ku ga an rubuta masa 2280, wato faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80. A nan ne ake yawan asara, domin M.2 iri biyu ne, na SATA da na NVMe, wato sabuwar hanya mai ƙarin gudu, kuma ba kowane gurbi ne ke karɓar duka biyun ba. A duba lambar kwamfutar a shafin kamfanin da ya ƙera ta kafin a biya ko riyal ɗaya. A kuma guji faifan da araharsa ta wuce hankali, domin akwai na jabu da ke nuna terabait alhali cikinsa bai kai ko kusa ba.

Wajen sakawa, a kashe kwamfutar, a zare caja, a cire mahaɗar batir idan hannu yana kaiwa gare ta. Siririn faifan a karkace ake tura shi cikin gurbinsa, sai ka ga gindinsa ya ɗago sama, sannan a danna shi a hankali a ɗaure da ɗan sukuru guda ɗaya, wanda in ya faɗi a kan darduma samunsa sai an sha wahala. Bayan haka a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin kwamfuta ta gama tashi, a tabbatar an saita faifan a kan zaɓin AHCI, domin wasu kwamfutocin suna zuwa a kan zaɓin RAID ko RST, kuma a haka manhajar girka Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ba ta ganin faifan sam. Wanda yake son barin Windows a gefe ya yi hattara, domin sauya wannan saiti ba tare da shiri ba yana iya hana Windows tashi.

Idan an tayar da Linux daga filashi, a buɗe tagar umarni a rubuta lsblk. Faifan SATA zai fito da suna irin sda ko sdb, na NVMe kuma nvme0n1. Ina roƙonku ku dubi girman kowanne da kyau kafin ku zaɓi wanda za a goge. Rabon faifan ba ya buƙatar dogon bayani: tsarin rabo na GPT, da ƙaramin ɓangaren EFI na kimanin megabait 512 wanda kwamfuta ke tashi daga shi, sauran kuma ext4, wato tsarin jera fayiloli na Linux. Mai girkawa yana yin wannan da kansa, yana kuma daidaita iyakokin ɓangarorin yadda ya kamata.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai, wato batun TRIM. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ba a rubutu a kan rubutu, sai an wanke allon, kuma ba layi ɗaya ake wankewa ba, fuskar allon ce gaba ɗaya. In akwai layin da ake bukata, sai a fara kwafe shi a wani allon. Haka SSD yake aiki. Yana rubutu a ƙananan shafuka, amma ba ya iya gogewa sai babban rukuni mai ɗauke da ɗaruruwan shafuka a lokaci guda. Matsalar ita ce idan ka goge fayil, Linux a rajistarta kawai take cire sunansa, shi kuwa faifan bai san an gama da waɗannan shafuka ba, sai ya ci gaba da kwashe su yana mayarwa wani wuri kamar masu amfani. Wannan aikin banza yana rage gudu, yana kuma cinye ƙarfin faifan. TRIM shi ne saƙon da Linux ke aika masa cewa waɗannan shafuka babu mai su, ya share su idan ya samu sarari.

Ubuntu da Fedora, wani nau'in Linux ɗin, suna aika wannan saƙo sau ɗaya a mako ba tare da an sa su ba, amma ya kamata kowa ya gani da idonsa. A rubuta systemctl status fstrim.timer, idan ba a kunne yake ba, sai a rubuta sudo systemctl enable --now fstrim.timer. Mai son gwadawa nan take ya rubuta sudo fstrim -av, zai ga adadin da aka share. Ni na fi son wannan tsari na mako-mako a kan sanya zaɓin discard a cikin fstab, fayil ɗin saitin faifai, domin shi discard yana aika saƙo ne duk lokacin da aka goge wani abu, kuma ba kowane faifai ne ke jure hakan da kyau ba. A kuma bar wa faifan sarari, kada a cika shi maƙil.

Za ku ci karo da tsofaffin shawarwari masu cewa a kashe swap, wato wurin da Linux ke aro a faifai idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika, a hana ext4 ajiye rajistar sauye-sauyen da take yi, don kada faifan ya ƙare da wuri. Ban yarda da su ba. Ɗauki Samsung 870 EVO mai gigabait 500, wanda kamfanin ya ba shi lamunin rubutun terabait 300. Ɗalibin da ke rubuta gigabait 20 kullum sai ya haura shekara 40 kafin ya kai wannan adadi. Kashe rajistar kuwa yana jefa fayilolinka cikin haɗari duk ranar da batir ya mutu ana tsaka da aiki, don haka asarar ta fi ribar yawa nesa ba kusa ba.

Abin tsoro na gaskiya guda biyu ne. Na farko zafi, wanda mu mazauna ƙasar nan mun san shi. Yawancin waɗannan faifai an ƙera su ne su yi aiki ƙasa da digiri 70, kuma idan suka yi zafi sukan rage gudu da kansu, saboda haka kada a bar kwamfuta a mota da rana, kada kuma a ɗora ta a kan katifa ta toshe mashigar iska. Umarnin smartctl yana nuna zafin faifan da lafiyarsa. Na biyu ya fi nauyi: bayan TRIM ya wuce, fayil ɗin da aka goge bisa kuskure da wuya ya dawo, kuma SSD yakan mutu farat ɗaya ba tare da ƙarar gargaɗin da tsohon faifai ke yi ba. Don Allah, wanda ke rubuta risalar majistir ko daktora kada ya bar ta a wuri ɗaya. Tsohon faifan da aka cire, a saya masa ɗan gida mai USB a mayar da shi ma'ajiya ta biyu, a riƙa kwafe aiki a kansa duk mako, a kuma ajiye wani kwafin a intanet. Ubuntu tana da manhajar Déjà Dup wadda ke yin wannan kwafi a kan lokacin da ka tsara mata.

Waɗanda suka zo da kwamfutocinsu su matso gaba, za mu buɗe guda ɗaya mu saka faifan tare.