Amsoshin Tambayoyinku: A Wace Makaranta Za a Yi Karatun Likita?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau saƙonni sun yi mana yawa, kuma fiye da rabi a kan magana ɗaya suke, wato karatun likita da inda ya kamata a je a yi shi. Da alama fitowar sakamakon JAMB ta hana gidaje da yawa barci. Baƙonmu likita ne, ya daɗe yana koyar da ɗalibai a wani asibitin koyarwa a nan Arewa. Ranka ya daɗe, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai, Hajiya. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wani matashi daga Birnin Kudu yana tambaya shekara nawa ake yi. Wannan ko ni na sani: shekara 6 a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Na yi daidai, Likita?

Likita: Kin ci. Sai dai ki ƙara masa da cewa in ba a yi yajin aiki ba.

Mai gabatarwa: To, ka ji. Sai wani daga Gusau, ya ce ya samu maki 218, wace jami'a ce za ta ba shi gurbin likitanci? Ya kuma ce kawunsa ya san wani babba a ciki. Kai yaro, har a gidan rediyo ma sai ka kawo mana maganar kawu?

Likita: Ƙyale shi, Hajiya, gaskiyarsa ya faɗa. Ɗana, jarrabawar nan a kan maki 400 take, kuma babu kwas ɗin da ake turereniya a kansa kamar likitanci. Makin da ka samu zai iya shigar da kai jami'a, amma da wuya ya shigar da kai wannan sashen a manyan jami'o'in tarayya. Abin da yara ba sa lura da shi lokacin cike fom shi ne yadda ake rabon gurabe: kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suke, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ce suna baya a boko. Kai ɗan Zamfara ne, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fi kusa da kai a wannan lissafi fiye da Ibadan. In ranka na kan likitanci sosai, ka sake zama baɗi, ka dage a kan kimiyyar sinadarai da fiziks, nan ne yawanci maki yake zubewa.

Mai gabatarwa: Kawu kuma ya huta. Yanzu ga saƙon da nake so mu daɗe a kansa, domin irinsa sun kai goma. Wani bawan Allah ne daga Funtuwa. Ya ce 'yarsa ta samu gurbi a wata jami'ar jiha da ba ta daɗe da buɗe sashen likitanci ba. Mahaifiyarta ta ce sam, a jira baɗi a nemi ABU Zariya, domin ita ce mai suna. Ana cikin haka wani ejan ya zo ya ce zai sama mata makaranta a Masar cikin sati biyu, ba ruwanta da JAMB. Shi kuma uban yana tunanin sayar da gonarsa ya biya. Ya ce, Likita, ka ba ni shawara tsakaninka da Allah.

Likita: Allah sarki. Malam, na gaishe ka, kuma na san halin da kake ciki. Ka ga ita Zariya, ba a banza uwar yarinyar take ambatonta ba. An kafa jami'ar a 1962, kuma tun cikin shekarun 1960 ɗin take horar da likitoci. Da yawa daga malaman da suka je suka kafa sassan likitanci a Kano da Sakkwato da sauran wurare, can suka yi karatu. A zamaninmu malami zai tsayar da kai a gefen gadon maras lafiya, ya ce kada ka taɓa shi tukuna, ka dube shi kawai ka gaya mini abin da ka gani. Ka dubi farcensa, ka dubi idonsa, ka dubi yadda yake numfashi. Yanzu yara sai su ce a kawo hoton ƙirji tun ba su gaisa da mai ciwon ba. Akwai wani malaminmu, Allah ya jiƙansa, in ka shigo zagayen safe ba ka san sunan maras lafiyarka ba...

Mai gabatarwa: Ranka ya daɗe, gonar Malam fa tana jiran hukunci.

Likita: Af, haka ne. To Malam, kafin suna, kafin kuɗi, tambayar farko ita ce: hukumar MDCN ta amince da wannan sashen? Ita ce hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, ita ke ba da lasisin aiki. Mutane suna ruɗewa a nan. Hukumar NUC, mai kula da jami'o'in Najeriya, tana amincewa da kwas a matsayin karatun jami'a, amma wannan daban, amincewar MDCN daban. Jami'a za ta iya kafa allo mai kyau a bakin ƙofa, ta ɗauki ɗalibai, alhali ba a gama sahale mata ta kai su matakin asibiti ba. Sai yara su gama aji uku su tsaya cik, shekara ta wuce, wata ta wuce. Kuma MDCN tana yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. In makaranta ta zarce adadin, waɗanda suka yi rara su ne za su sha wahala wajen rajista. Jerin makarantun da adadin kowace yana shafin hukumar a intanet. Ka sa wani yaro ya buɗe maka a waya, ka ga sunan makarantar da idonka.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, saboda masu saurarenmu da ke cikin kasuwa ko a mota. MDCN. Ba NUC kaɗai ba. A duba ko ta amince da sashen, a duba kuma ɗalibi nawa ta ce a ɗauka.

Likita: Yauwa. In ka ga sunan, to kada sabuntar makarantar ta tsorata ka. Sai ka shirya takanas ka je asibitin da za a koyar da ita. Kada ka tsaya kallon ginin ofishin shugaban jami'a. Ka shiga ɗakin haihuwa da ɗakin yara da safe. In ka tarar da layi har waje, mata zaune a kan tabarma da kwanukan abinci, likitoci suna zagaye da ɗalibai a bayansu riƙe da ƙananan littattafai, to nan wurin koyo ne. Likitanci kamar tuƙin mota yake, ba a iya shi daga karatun littafi. Abin da ya sa asibitin Malam Aminu Kano, da na ABU da ke Shika, da na Maiduguri, da na Jos suke fitar da likitoci masu hannu shi ne yawan marasa lafiya. Ka samu ɗalibi ɗan aji biyar ka ja shi gefe, ka tambaye shi haihuwa nawa ya karɓa da hannunsa, kuma su nawa ne suke taruwa a kan gado ɗaya. Ɗalibai ba sa ɓoye irin wannan, har abin da ba ka tambaya ba za ka ji.

Mai gabatarwa: To maganar Masar fa?

Likita: Masar tana da tsofaffin makarantun likitanci masu kyau, ba na kushe su. Ejan ɗin nake tsoro. Duk wanda ya ce maka sati biyu, ka tambaye shi sunan jami'ar a rubuce, da kuɗin kowace shekara, da kuɗin ɗaki da na abinci da na takardar zama. Sannan ka lissafa har ƙarshen karatun, ba shekarar farko kaɗai ba, kuma da dala za ka lissafa. Iyayen da suka tura yara kafin 2023 sun ga yadda faɗuwar naira ta ninka musu kuɗin makaranta suna zaune a gida. Gona sau ɗaya ake sayar da ita, Malam, kuɗin makaranta kuwa duk shekara yake dawowa. Ɗalibin da kuɗi ya yanke masa a aji huɗu ya fi wanda bai fara ba shiga uku, domin dawo da shi wata makaranta a gida ba abu ne mai sauƙi ba, saboda wancan adadin da na ambata.

Sannan akwai abin da ba ya hannun kowa. A watan Fabrairun 2022 yaƙi ya tashi a Yukren, a watan Afrilun 2023 ya tashi a Sudan, kuma mun ga yadda aka kwaso 'ya'yanmu, da yawansu ɗaliban likitanci ne, wasu saura kaɗan su gama. MDCN kuma ta fito ta ce ba ta karɓar karatun likita da aka yi ta intanet. Ko lafiya lau aka gama, duk wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar MDCN kafin ya taɓa maras lafiya a nan, kuma ba kowa ke ci a zaman farko ba.

Mai gabatarwa: Wato dai, in na fahimce ka, ya bar gonarsa.

Likita: Ni dai da 'yata ce, in MDCN ta amince da makarantar jihar nan kuma asibitinta na da jama'a, gobe zan kai ta rajista. Ita kuma Hajiya uwar yarinya, ki yi haƙuri. Gurbin da ke hannu ba a sakinsa don na baɗi, ba wanda ya yi miki alkawarin Zariya. Lasisin da za a ba wanda ya gama can shi za a ba 'yarki.

Mai gabatarwa: Ni ma in sa baki, iyaye mata mu rage son a ce. Maƙwabta za su yi barka kwana biyu su koma harkarsu. Malam na Funtuwa, a taƙaice: duba jerin MDCN, je ka ga asibitin da idonka, lissafa kuɗi har ƙarshe. Lokaci na gudu. Wata daga Kaduna ta ce, jami'ar kuɗi ko ta gwamnati?

Likita: Ta kuɗi ba ta yajin aiki, wannan gaskiya ne. Yajin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suna zaune a gida. Amma kuɗin likitanci a jami'o'i masu zaman kansu miliyoyi ne duk shekara, kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati ake bai wa. Ki kuma tambaya ko suna da asibitin kansu, ko aro suke yi. Wasu azuzuwansu har da na'urar sanyaya ɗaki, amma gadajen asibitin babu kowa a kai.

Mai gabatarwa: Wani daga Azare ya ce shi burinsa ya yi aiki a Ingila ko Saudiyya, wace makaranta ce za ta fi sauƙaƙa masa fita? Ikon Allah! Ko ƙofar makarantar ba ka shiga ba, har ka fara haɗa jaka. Mu kuma wa zai duba mu?

Likita: Hajiya, kada ki ga laifinsa da yawa, ya ga yadda yayyensa ke fama ne. Ɗana, akwai kundin makarantun likitanci na duniya a intanet, ka tabbata makarantarka na ciki. Bayan haka kowace ƙasa da jarrabawarta, Ingila PLAB, Amurka USMLE, kuma kai za ka zauna, ba sunan jami'arka ba. Ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya nan a garinku ma, ka fara leƙa ta.

Mai gabatarwa: Wani daga Jibiya yana tambaya ko zai iya tsallakawa Nijar, tunda kusa ne.

Likita: Ana karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Damagaram da Maraɗi. Amma da Faransanci ake koyarwa, Hausar kasuwa ba za ta fisshe ka a aji ba. In ka dawo gida kuma jarrabawar MDCN na jiranka kamar kowa.

Mai gabatarwa: Na ƙarshe, ga injiniyanmu yana ta nuna mini agogo. Wata yarinya daga Haɗeja ta ce tana son likitanci amma tana tsoron gawa, akwai makarantar da ba a nuna wa ɗalibai gawa? 'Yar nan, kin ba ni dariya.

Likita: Babu, 'yata. Daga aji biyu za ki shiga ɗakin, warin maganin da ake adana su da shi zai sa ki hawaye a makon farko, wasu ma sai an fitar da su sun sha iska. Kafin wata ya ƙare za ki saba. Ba gawar ce ke korar ɗalibai ba, babbar jarrabawar da ake yi bayan an gama ilimin sassan jiki da aikinsu ita ce ke tankaɗe aji. Ita za ki ji tsoro, ki fara karatu tun ranar farko.

Mai gabatarwa: Ranka ya daɗe, mun gode ƙwarai. Masu tambaya a kan aikin jinya da haɗa magunguna, saƙonninku na nan a ajiye, da su za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.