Daga Kano zuwa Jidda: me ya sa lokacin tafiya yake canzawa?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400, idan aka auna ta miƙe ba tare da ratse ba. Hanyar tana bi ta yankin Tafkin Chadi, ta keta ƙasar Chadi da arewacin Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da alhazan da suka gabata suke bi a ƙafa da bisa raƙuma, wasu su shekara da shekaru kafin su isa, wasu kuma su zauna a Sudan har su yi zuri'a a can.

Manyan jiragen da ke jigilar maniyyata suna gudun kimanin kilomita 850 a awa ɗaya idan sun daidaita a sama. Idan aka raba tazarar da wannan gudun, lissafi zai ba da awa 4, amma tafiyar da fasinja yake yi takan kai awa 4 da rabi zuwa 5. Dalili kuwa shi ne lokacin da ake rubutawa a jikin tikiti yana farawa ne tun daga sa'ar da jirgi ya bar wurin da aka ɗauki fasinja, ya haɗa da tafiyar da yake yi a hankali zuwa titin tashi, da hawansa sama, da saukowarsa, da jiran izinin sauka, wanda a lokacin aikin Hajji yakan ɗan ja saboda jirage suna ta kwarara Jidda daga ko'ina. Iska ma tana da nata rabon, domin idan ta biyo bayan jirgi takan rage masa tafiya, idan kuwa ta fuskance shi sai ta ƙara.

Babban abin da ya sauya lissafin shi ne yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wanda ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Dole jiragen alhazan Najeriya na wannan shekarar suka riƙa kewaye Sudan, abin da ya ƙara musu kimanin awa 2 da kuma man da ake ƙonawa. Saboda haka duk wanda ya ce muku tafiyar awa kaza ce, ku tambaye shi a wace shekara ya yi ta, kuma ta wace hanya jirginsa ya bi.

Sai kuma bambancin agogo, wanda shi ne ya fi rikita matafiya da masu jiransu a gida. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa 2, kuma tikiti yana nuna lokacin garin da za a tashi da na garin da za a sauka ne. Jirgin da ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 a hanya, zai sauka Jidda da ƙarfe 5 na asuba a agogonsu. Idan kuma daga Jidda ya taso da ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 1 na dare zai sauka Kano, ko da yake awa 5 ɗin nan dai ya yi.