Ina Ƙarfin Dukan Ƙwallon Raga Yake Fitowa?

Masu kallo, tambayar da kuka fi turo mana ita ce, me ya sa siririn yaro yake dukan ƙwallo ta faɗi kamar tsawa, alhali ƙato mai damtse yana duka ana tarewa cikin sauƙi? Domin amsa wannan ne muka zo ɗakin wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano.

Tsayin ragar maza mita 2.43 ne, ta mata kuwa mita 2.24, ƙwallon kuma ba ta wuce giram 280 ba. Mai duka da hannun dama yana yin taku uku kafin ya yi tsalle: hagu, dama, hagu. Taku na biyu shi ne mafi tsawo, a nan yake rage tsawo ya wurga hannayensa baya, sannan ya mayar da gudun da ya kwaso ya zama tsalle.

To, bari mu rage saurin hoton, domin a nan ne ake yin kuskuren. Ku lura da ƙafarsa ta hagu, wadda ta sauka a gaba kuma a ɗan karkace, har ƙugunsa ya buɗe, ƙirjinsa ya fuskanci mai ɗaga masa ƙwallo maimakon raga. Yana sama, ƙugu ne yake fara juyawa, ƙirji ya biyo, sai kafaɗa, yayin da hannun dama yake can baya, gwiwar hannun a lanƙwashe, kamar an manta da shi. Jinkirin nan da gangan ne, domin yana miƙe tsokokin ƙirji da na kafaɗa kamar danƙo, ta yadda idan lokacin hannu ya yi, sai ya fizgo kamar bakin bulala. Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya san cewa naushin da yake kayar da mutum daga ƙugu yake tasowa. Da haka ne manyan 'yan wasa suke tura ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 100 a awa.

Ga ƙaton namu kuma, Allah ya ba shi haƙuri. Ya tashi ƙirjinsa na kallon raga sak, babu abin da zai juya, saboda haka kafaɗa ce kaɗai take ɗaukar nauyin aikin. A ganina, yawancin ciwon kafaɗar da matasa suke kuka da shi bayan atisaye daga nan yake.

Sauran ba shi da wuya. A doki ƙwallo da buɗaɗɗen tafi, hannu a miƙe, tana ɗan gaban kafaɗa, sannan a sauka da ƙafa biyu, gwiwoyi a lanƙwashe. Bari mu sake mayar da hoton baya, amma a wannan karon ku bar hannun, ku zuba wa ƙugunsa ido.