Amsoshin Tambayoyinku: Mawaƙin da ya bar dandali ya zama fada

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga Kafanchan ta fito. Mai ita ya ce ya ji labarin wani shahararren mawaƙin opera da ya watsar da suna da dukiya ya zama limamin coci, yana tambaya ko gaskiya ne ko ƙanzon kurege.

To Malam, gaskiya ne. Sunansa José Mojica, mutumin jihar Jalisco ta ƙasar Meziko. Ita dai opera wasan kwaikwayo ce da ake rera zantukanta cikin waƙa, makaɗa na rakiya, kuma da ƙarfin maƙogwaro kaɗai mawaƙi ke cika babban zaure, ba lasifika. Mojica ya yi tashe a gidan opera na birnin Shikago a Amurka. A 1921 shi ya fito a matsayin yarima lokacin da aka fara nuna wata opera ta Prokofiev, mai tsara kiɗa ɗan Rasha. Daga baya ya shiga fina-finan harshen Sifaniyanci a Holiwud, kuɗi suka zauna masa.

Rasuwar mahaifiyarsa a 1940 ce ta girgiza shi. A 1942 ya rabu da abin da ya tara, ya tafi birnin Kusko na ƙasar Peru, ya shiga ƙungiyar mabiya waliyyi Faransis na Asisi a ɗarikar Katolika. Su waɗannan alkawari uku suke ɗauka: zaman talauci, rashin aure, da biyayya ga na gaba. Ka duba fa, mutumin da ya saba da tafi da kwat, ga shi cikin doguwar riga ruwan ƙasa, da igiya a ƙugu. A 1947 aka naɗa shi fada a birnin Lima.

Sai dai akwai gyara kaɗan a yadda aka ba ka labarin, Malam: bai jingine waƙa ba. Ya ci gaba da rerawa, har ya sake fitowa a fim, yana tara kuɗi don horar da matasa masu son zama fada. A ganina nan ne labarin ya fi daɗi, domin muryar da ta tara masa dukiya ita ce ya mayar ƙoƙon bara saboda wasu. Ya rubuta tarihin rayuwarsa mai suna "Yo, pecador", wato "Ni mai zunubi", aka mayar da shi fim a 1959. Ya rasu a Lima a 1974.