Mary Lou Williams, matar da manyan makaɗan jazz ke hira a falonta

A shekarun 1940, a wani gida a unguwar Harlem ta birnin New York, da tsakar dare za ka tarar da samari kewaye da fiyano. Thelonious Monk na nan, Bud Powell na nan, Dizzy Gillespie ma yakan shigo. Sun tashi daga wajen wasa, maimakon su je su kwanta, sai su zo su kaɗa wa mai gidan abin da suka haɗa, ta saurara, ta gyara musu. Ita ce Mary Lou Williams. Salon bebop, wani sabon salon kiɗa mai sauri da ya juya jazz (kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka) daga baya, ya sha guga a falon nan.

A Atlanta aka haife ta a 1910, ta girma a Pittsburgh. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa take kaɗa fiyano a gidajen biki, tana kawo kuɗin cefane gida.

A 1929 a Kansas City, ranar da ƙungiyar Andy Kirk za ta gwada kiɗa gaban masu naɗar faifai, mai fiyanonsu bai zo ba. Aka ce Mary Lou, matar mai busa saksofon ɗinsu, ta zauna ta rufa musu asiri. Daga baya kujerar ta zama tata har 1942, kuma ita ke tsara musu kiɗa. Benny Goodman, shugaban wata ƙungiyar makaɗa, ya karɓi kiɗan "Roll 'Em" daga hannunta, takwaransa Duke Ellington ma ya kaɗa abin da ta tsara. Tafin dai mai ƙungiya ake yi wa, ita kuwa sai mai karanta ƙananan rubutun jikin faifai ya san da ita.

A 1945 ta fitar da "Zodiac Suite", kiɗa kashi 12.

Sai ga abin da ba a zata ba. A 1954, tana Faris, ta ajiye kiɗa gaba ɗaya. Ta koma Amurka, ta shiga ɗarikar Katolika, ta riƙa ɗauko makaɗan da ƙwaya ta kayar tana jinyarsu a gidanta, har ta buɗe shagon gwanjo don samun kuɗin hidimar. Gillespie ne ya lallashe ta ta dawo a bikin jazz na Newport na 1957.

Bayan dawowarta, ta karkata ga kiɗan ibada. A 1975 aka rera "Mary Lou's Mass" a majami'ar St. Patrick ta New York, wurin da a da ba a tunanin jazz zai taka ƙofarsa. Daga 1977 ta koyar a Jami'ar Duke, har ta rasu a Durham ranar 28 ga Mayu, 1981.