Shago a Ƙasa, Gida a Sama: Tsoffin Benayen Ikko

Jama'a, in kun shiga cikin Ikko, wajajen Balogun, Tinubu ko Campos, ku ɗan ɗaga kai sama da rumfuna da allunan talla. Za ku ga tsoffin benaye masu dogayen tagogi, da zanen furanni a saman ƙofa, da baranda mai shingen ƙarfe. Da yawansu aikin Aguda ne, wato 'yantattun bayin da suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19, da yaran da suka koyi sana'a a hannunsu. Magina ne, kafintoci, maƙera. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, ɗaya daga cikinsu ne ya gina shi, João Baptista da Costa.

To, ku duba tsarin. Shago a ƙasa, ƙofofinsa manya suna kallon titi, ɗan dako ya shige da buhu a ka ba sai ya sunkuya ba. Maigida da iyalinsa suna sama, inda iskar teku ke kaɗawa. Bangon jan bulo ne mai kauri, rufi can sama, tagogin katako masu tsaga-tsaga, rana ba ta shiga amma iska na wucewa. Wallahi waɗannan magina sun san zafin Legas fiye da masu jera mana gilashi a yau.

Kuɗin fa? Kasuwa ce ta buɗe. Jirgin ƙasa daga tashar Iddo a Legas ya kai Ibadan a 1901, Kano ma ta samu layin dogo a 1911. Gyaɗa da fatu suka riƙa gangarowa, goro da atamfa suna hawa Arewa. Kamfanoni irin su John Holt suka kafa shaguna da sito, baƙi suka yawaita, sai otal: wurin cin abinci a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ba kowa ake karɓa ba kuwa. A 1947 otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki don baƙar fata ne, alhali jami'in gwamnatin Ingila ne, har Legas ta ɗauki zafi.

Abin da ke ci mini rai shi ne rushewar. Ilojo Bar, wani tsohon bene irin na Aguda kusa da dandalin Tinubu, tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, amma a 2016 aka kawo katafila aka baje shi. Amma Water House, benen iyalin Da Rocha waɗanda Aguda ne, yana nan a titin Kakawa. Ku je ku gan shi.