Lacca kan Hualien, gundumar da dutse ya matse da teku

Assalamu alaikum. Na baya can kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo kan Hualien da ke gabashin Taiwan: yanayin ƙasar, tarihinta, sai abin da mutanen ke ci da shi.

Na farko, ita ce gunduma mafi girma a tsibirin, murabba'in kilomita sama da 4,600, amma mutanenta wajen dubu 320 ne kacal, don kusan duk dutse ne. Yamma dutse, gabas tekun Pasifik, sai wani siririn kwari da ake noman shinkafa da kankana.

To amma ni abin da ya ɗauke min hankali shi ne kwazazzabon Taroko. Kogin Liwu ne ya yi ta cin dutse har ya tsaga shi, kuma dutsen nan mabul ne, eh, irin wanda alhazai ke shimfiɗawa a falo, su can bango guda ne tun daga ƙasa har inda wuyanka zai gaji da kallo. A cikin wannan bangon fa aka sassaƙa titin mota! Daga 1956 zuwa 1960, tsoffin sojojin Chiang Kai-shek, shugaban Taiwan na wancan lokaci, ne suka yi aikin da diga da guduma da nakiya, sama da mutum 200 suka mutu. Da diga fa jama'a, da diga. Wani wurin an huda dutsen ne mota ta bi ta ciki, wani wurin kuma dutsen na rataye saman kanka, kogi na ruri a ƙasa. Ɗan'uwa mai gyangyaɗi, da kai ne direba a can da tuni an yi maka sallah.

Na uku... au, na biyu ko? Tarihi. Asalin masu ƙasar su ne ƙabilu irin Amis da Truku. Japan ta karɓi Taiwan a 1895, ta yaƙi Truku a 1914, ta gina tashar jiragen ruwa. Jirgin ƙasa daga Taipei, babban birnin Taiwan, kuwa sai 1980 ya iso. Na uku a taƙaice, don lokacinmu na ƙurewa: arzikinsu mabul, siminti, yawon buɗe ido.

Na'am Hajiya? Girgizar ƙasa? Yauwa, tambaya ta yi. Manyan ɓangarori biyu na ɓawon ƙasa ne ke turereniya a ƙarƙashinsu, su suka ɗaga duwatsun tun farko. Ranar 3 ga Afrilun 2024 an yi mai ƙarfin sama da maki 7, amma waɗanda suka rasu ba su kai 20 ba, da yawansu ma duwatsu ne suka rufto musu a Taroko. Dalili, bayan ta 1999 da ta kashe sama da mutum 2,400 a tsakiyar tsibirin, sun tsaurara dokar gini sosai. Sai dai an rufe Taroko, masu otal da direbobin bas suka shiga wani hali. Akwai wata tambayar?